Shin matsin tattalin arziki yana karya garkuwar jiki?

Tambaya: Likita, ni magidanci ne mai 'ya'ya biyar. Bara wurin da nake aiki suka rage ma'aikata, har da ni. Tun daga lokacin cuta ba ta bar gidana ba: ni mura da maruru, ƙaramin yarona zawo da tari, uwargida kuma kullum kasala. Wani ya ce mini talauci da yawan tunani suna karya garkuwar jiki. Gaskiya ne ko zato ne kawai? Kuma ko in sayi irin magungunan nan da ake talla na ƙara garkuwar jiki?

Amsa: Malam, Allah ya kawo mafita, ya musanya maka da aikin da ya fi wanda ka rasa. Wanda ya gaya maka wannan magana bai yi ƙarya ba. An yi shekaru fiye da talatin ana auna abin a jinin mutane, kuma ya tabbata. Sai dai yadda matsin ya shiga jikinka daban ne da yadda ya shiga jikin yaronka, kuma na yaron ya fi tayar mini da hankali. Kai ta hanyar tunani da rashin barci ya fi samunka. Shi kuwa ta tukunya ya same shi, kuma a ƙasashenmu wannan hanyar ce ke kisa.

Garkuwar jiki ba abu ɗaya ba ce da za a ce ta hau ko ta sauka. Akwai fata, da majinar hanci da maƙogwaro, da ruwan ciki mai tsami, da bangon hanji, waɗanda ke tare ƙwayar cuta tun kafin ta shiga. In ta shiga, sai fararen ƙwayoyin jini su tare ta. A ɓargo ake ƙera su, wasu a horar da su a wata 'yar tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji mai suna taimos, sannan su yi zango a saifa da wuraren da kaluluwa ke fitowa. Wasunsu suna afka wa duk baƙon da suka gani nan take, wasu kuma sai sun ɗauki kwanaki suna gane shi, su ƙera masa sinadarin kariya nasa na kansa, su kuma riƙe kamanninsa shekara da shekaru. Wannan riƙon shi ne sirrin allurar rigakafi. Duk wannan aiki yana cin abinci. Zazzaɓi kaɗai, duk digiri ɗaya da zafin jiki ya ƙaru, ƙarfin da jiki ke ƙonawa yana ƙaruwa da wajen kashi 10 cikin ɗari ko fiye.

Bari mu fara da naka.

Idan mutum ya firgita, wasu 'yan tsokoki da ke saman ƙoda suna sakin sinadarai cikin jini, babbansu shi ne kotisol. A firgici na ɗan lokaci wannan alheri ne: jiki yana tura fararen ƙwayoyin jini zuwa inda ake sa ran rauni, daga baya kotisol ya kwantar da kumburi don kada ya wuce gona da iri. A 2004 Suzanne Segerstrom da Gregory Miller suka tattara bincike wajen 300 da aka yi cikin shekaru 30, suka ga abu ɗaya yana ta maimaituwa. Tashin hankali na mintoci yana ƙara wa wani sashe na garkuwa kuzari, amma damuwar da ta zauna wata da watanni, wadda mutum bai san ranar ƙarewarta ba, tana raunana kusan kowane sashe. Rashin aiki kuwa irin wannan damuwar ce. Ka kwana da ita, ka tashi da ita, mai gidan haya ya tuna maka, kuɗin makaranta ya tuna maka.

Binciken da ya fi gamsar da ni shi ne na Sheldon Cohen na Jami'ar Carnegie Mellon da ke Amurka, domin bai tsaya kan awon jini ba, cutar ya sa wa mutane da yardarsu. A wanda aka wallafa a 1991, an ɗiga wa lafiyayyun mutane 394 ƙwayar cutar mura a hanci a wata cibiya da ke Salisbury a Ingila, aka killace su, bayan an riga an auna yawan damuwar kowa. Cikin waɗanda damuwarsu ta fi ƙanƙanta, kashi 27 cikin ɗari ne mura ta kama. Cikin waɗanda tasu ta fi yawa, kashi 47. Nau'in ƙwayar mura biyar aka gwada, kuma a kowanne abu ɗaya aka gani. A 1998 ya sake yi da mutum 276, yana neman sanin wace irin damuwa ce ta fi illa. Damuwar da ba ta kai wata ɗaya ba ba ta yi wani tasiri ba. Wadda ta kai wata ko ta wuce ita ce ta ƙara haɗarin, kuma iri biyu ne suka fi fitowa fili: rashin aiki ko aikin da bai isa ba, da rikici mai daɗewa da iyali ko abokai. Ka ga murar da kake ta yi tana da tushe.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne yadda abin ke faruwa. Da an ɗauka kotisol ne kawai ke danne garkuwa. Yana dannewa, amma akwai wani abu bayan wannan. Idan kotisol ya daɗe yana yawo cikin jini, sai ƙwayoyin garkuwa su daina jin maganarsa, kamar uban da kullum yake cikin faɗa har yara suka saba, ranar da ya yi tsawa don wuta ta kama babu wanda ya waiwayo. To aikin kotisol ne ya ce wa kumburi ya isa haka. In ba a jin sa, kumburin sai ya zarce. Cohen da abokan aikinsa sun nuna haka a 2012. Shi ya sa mai doguwar damuwa yake haɗa abu biyu da kamar ba sa haɗuwa: sashen da ke kashe bairos, wato ƙwayar cuta irin ta mura, ya yi sanyi, sashen kumburi kuma ya ƙi lafawa. Toshewar hanci da ciwon maƙogwaro da ciwon jiki da kake ji in kana mura, yawancinsu aikin kumburin ne. Kuma a Amurka da Birtaniya an auna jinin mutanen da suka yi zaman rashin aiki, aka tarar alamar kumburi ta fi yawa a jikinsu. Irin wannan kumburi mai ci a hankali yana da hannu a ciwon zuciya da ciwon suga bayan shekaru.

Warkewar rauni ma tana jinkiri. A 1995 Janice Kiecolt-Glaser da mijinta Ronald Glaser na Jami'ar Jihar Ohio suka yi wa mata tsofaffi ɗan ƙaramin yanka iri ɗaya a hannu. Rabinsu masu jinyar 'yan'uwa ne da ciwon mantuwa ya kama, rabi kuma ba sa jinyar kowa. Raunin masu jinya ya ɗauki wajen kwana 49 kafin ya warke, na sauran wajen 39. Su ne kuma suka nuna cewa allurar rigakafin mura mai tsanani ba ta kama jikin masu jinya kamar yadda take kama na sauran.

Ga wanda nake so ka riƙe da kyau. A 2007 Frances Cohen da abokan aikinta a Kalifoniya suka bi mutum 100 marasa aiki da 100 masu aiki na tsawon wata huɗu, suna auna ƙarfin wasu fararen ƙwayoyin jini da aikinsu shi ne kashe duk ƙwayar jikin da bairos ya shiga. Na marasa aiki sun fi rauni. Amma kashi ɗaya cikin huɗu na marasa aikin sun samu aiki ana cikin binciken, kuma cikin wata guda ƙarfin ƙwayoyinsu ya farfaɗo sosai. Wato abin da damuwa ta yi wa garkuwar babban mutum ba tabo ne na dindindin ba, yana komawa.

Barci ma yana ciki, kuma na san shi ne abu na farko da mai bashi ke rasawa. A wani gwajin ɗiga ƙwayar mura da aka wallafa a 2015, cikin mutum 164, masu barcin da bai wuce awa shida ba sun fi masu wuce awa bakwai kamuwa da wajen ninki huɗu.

Sai dai a lura da inda aka yi waɗannan bincike. A ƙasashen da aka yi su, wanda ya rasa aiki yawanci bai rasa abincin dare ba. Har ma akwai wani abu da masana tattalin arziki suka daɗe suna muhawara a kai: Christopher Ruhm ya nuna a 2000 cewa a Amurka yawan mace-mace yana ɗan raguwa lokacin da tattalin arziki ya karye. Motoci suna raguwa a hanya, hatsari ya ragu, hayaƙin masana'antu ya ragu, shan giya da sigari ya ragu. Yawan masu kashe kansu ne ke ƙaruwa. Ko a babban karayar arzikin da ta fara a 1929, tsawon ran Amurkawa ƙaruwa ya yi da shekaru. Ana yawan kawo wannan don a ce matsi ba ya cutar da lafiya, ni kuwa ban yarda da wannan fassara ba. Lissafi ne na ƙasa baki ɗaya, ya haɗa wanda ya rasa aiki da wanda bai rasa ba. Da aka ware ma'aikatan da aka sallama a jihar Pensilbaniya aka bi su, haɗarin mutuwarsu a shekarar da ta biyo bayan sallama ya ƙaru da kashi 50 zuwa 100 cikin ɗari, kuma ko bayan shekara 20 bai gama komawa daidai ba. A ƙasashe matalauta kuwa lissafin ƙasar ma juyewa yake yi. Masana biyu na Bankin Duniya, Jed Friedman da Norbert Schady, sun ƙiyasta cewa rikicin kuɗi na duniya na 2008 ya jawo ƙarin mutuwar jarirai 28,000 zuwa 50,000 a Afirka kudu da Sahara a 2009 kaɗai, kuma 'ya'ya mata abin ya fi shafa.

Wannan ya kawo mu kan yaronka.

A duniya baki ɗaya, rashin abinci mai gina jiki ne kan gaba wajen raunana garkuwar jiki, ya fi cutar ƙanjamau yawan mutanen da yake shafa nesa ba kusa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar tana da alaƙa da shi. A takardar asibiti za a rubuta zawo, ko ciwon huhu, ko ƙyanda, ko zazzaɓin cizon sauro, amma yunwa ce ta buɗe musu ƙofa.

Kuma matsi ba ya fara da rage yawan abinci, da rage ingancinsa yake farawa. Ka duba gidanka. Nama ne ya fara fita, sai kifi, sai ƙwai da madara, sai aka rage wake da mai. Tuwo da shinkafa da garin kwaki suna nan, domin su ne ke cika ciki. Yaro zai ƙoshi, ba zai yi kukan yunwa ba, amma furotin da zink da bitamin A da sinadarin ƙarin jini duk sun tafi tare da abin da aka cire. A Najeriya, bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar naira, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. Gidaje da yawa da ba su taɓa kiran kansu matalauta ba sun yi irin wannan ragi.

Ga abin da ke faruwa a jikin yaron da bai samun abin da ya kamata. Taimos ɗinsa, inda ake horar da ƙwayoyin garkuwa, yana motsewa, har ana iya ganin haka a hoton asibiti. Fatarsa tana yin sirara, tana tsagewa. Bangon hanjinsa, wanda ke sabunta kansa duk bayan 'yan kwanaki, ba ya samun abin sabuntawa, sai ƙwayoyin cuta su riƙa ratsawa cikin jini. Rashin bitamin A yana lalata shimfiɗar hanyar numfashi da ta hanji. Rashin zink yana hana ƙwayoyin garkuwa hayayyafa. Daga nan sai abin ya zama zagaye: zawo ya zo, yaro ya ƙi cin abinci, hanji ya kasa tsotse ɗan abin da ya ci, ya ƙara ramewa, wani zawon ya same shi da sauƙi fiye da na baya. Yaron da tamowa mai tsanani ta kama ya fi ɗan'uwansa mai ƙoshin lafiya haɗarin mutuwa da wajen ninki goma. Abin da ya fi ba mu tsoro a asibiti shi ne irin wannan yaro yana iya ɗauke da mummunar cuta a jini ba tare da zazzaɓi ba, domin jikinsa ba shi da ƙarfin yin zazzaɓin. Uwa ta taɓa shi ta ji sanyi ta ce da sauƙi, alhali sanyin ne alamar haɗari. Cutar nan mai cin baki da kumatun yara, wadda likitoci ke kira noma, wadda akwai asibitinta na musamman a Sakkwato, ba a ganinta sai inda tamowa ta haɗu da wata cuta kamar ƙyanda. Ƙwayoyin da ke haddasa ta na bakin mutum ne, garkuwa ce ta faɗi suka samu dama.

A manya, tarin fuka ne ma'aunin. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya ƙwayar ta taɓa shiga jikinsu, amma kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ne kawai ke kwanciya da ita a tsawon rayuwa, domin garkuwa tana killace ta a huhu. In jiki ya rame, killacewar ta kwance. Kuba ta ga haka bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, lokacin da abincin da mutum ke samu a rana ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin uku. Ciwon suga da ciwon zuciya sun ragu saboda mutane sun rame suna tafiya a ƙasa da keke, amma tarin fuka ya ninka kusan sau uku cikin shekaru uku, kuma mutum wajen 50,000 suka kamu da ciwon jijiyoyi da na gani saboda ƙarancin bitamin. A Rasha, tsakanin 1991 da 2000, tarin fuka ya ninka fiye da sau biyu. Can abin ya haɗa da giya, da cunkoson gidajen yari, da rushewar tsarin magani.

An kuma gwada abin ta ɗaya gefen, kuma wannan gwaji ya cancanci kowane mai mulki a ƙasashenmu ya san shi. A jihar Jharkhand ta Indiya, Anurag Bhargava da abokan aikinsa suka ɗauki mutum fiye da 10,000 da ke zaune gida ɗaya da masu tarin fuka. Wasu gidajen aka riƙa ba su shinkafa da nau'in wake da ƙwayar bitamin duk wata, wasu ba a ba su ba. Sakamakon da aka wallafa a 2023 ya nuna sabon kamuwa da tarin ya ragu da kashi 39 cikin ɗari a gidajen da aka ba abinci, na huhu da gwaji ya tabbatar kuwa da kashi 48. Babu wani sabon magani a ciki. Shinkafa ce da wake.

Mai ciki ma abin lura ce. A ƙauyukan yankin Keneba na Gambiya, inda aka daɗe ana rubuta haihuwa da mutuwa, binciken 1997 ya gano cewa waɗanda aka haifa a watannin yunwa na damina sun fi sauran mutuwa da ƙuruciya bayan sun balaga, yawanci ta cututtuka masu yaɗuwa. Da aka duba a Senegal da Bangaladesh ba a ga haka ba, don haka ba doka ba ce ta ko'ina. Abin da babu jayayya a kai shi ne jaririn da aka haifa da ƙarancin nauyi ya fi saurin kamuwa da cuta, kuma abincin uwa yana cikin abin da ke yanke wannan.

Akwai hanya ta uku, wadda ba a cikin jini take ba amma a can take ƙarewa. Matsi yana ƙara yawan ƙwayar cutar da jiki ke karo da ita, yana kuma rage taimakon da ake ba shi. Iyali su koma ɗaki ɗaya, ko su koma gidan gado, mai tari ya kwana da yara. Gas ya yi tsada a koma itace da gawayi, alhali hayaƙin girki a cikin gida yana kusan ninka haɗarin ciwon huhu ga ƙananan yara. A rage sayen ruwa da sabulu. Allurar rigakafi kyauta ce, amma kuɗin mota zuwa asibiti da wunin da uwa za ta rasa na sana'a ba kyauta ba ne. A ƙasashen tsohuwar Sobiyet, a shekarun 1990, mashaƙo ya kama mutum fiye da 150,000, ya kashe fiye da 4,000, cutar da aka ɗauka ta zama tarihi. A Benezuwela mashaƙo ya dawo a 2016 bayan shekara 24 babu shi, ƙyanda ta biyo baya a 2017, zazzaɓin cizon sauro ya haura mutum 400,000 a 2017 ɗin. Mu ma mun ga mashaƙo tun ƙarshen 2022, Kano ce ta fi shan wahala, kuma yawancin yaran da ya kama ba su kammala rigakafi ba. Dalilan giɓin rigakafi a wurinmu sun fi kuɗi yawa, akwai rashin tsaro da tsoron allura da cikas ɗin korona, amma talauci yana ƙara wa kowannensu nauyi.

Ƙyanda tana da wata illa da mutane ba su sani ba. Bayan ta warke, tana goge wani sashe na abin da garkuwa ta riga ta koya. A binciken 2019 kan yara 77 da ba a yi wa rigakafi ba a Holan, ƙyanda ta share kashi 11 zuwa 73 cikin ɗari na nau'o'in sinadaran kariyar da ke jininsu. Shi ya sa yaro ke tashi daga baƙon dauro ya yi watanni yana faɗawa daga wannan ciwo zuwa wancan.

To, batun maganin ƙara garkuwar jiki. Kada ka saya. Babu ƙwaya ko ruwan kwalba da aka tabbatar yana ƙara wa mutum garkuwa in ba wani sinadari ne ya rasa ba, kuma abin da iyalinka suka rasa yana kasuwar hatsi da araha fiye da yadda yake a kwalba. Kuɗin kwalba ɗaya zai sayi wake da gyaɗa na kwanaki. Akwai ma wanda ya fi wannan haɗari, kuma ina roƙonka ka faɗa wa uwargida: ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, da haɗin da wasu masu kemis ke ƙullawa na ciwon jiki, sau da yawa akwai dezametazon ko firednisolon a ciki. Waɗannan kotisol ne na kanti, har sun fi na jiki ƙarfi. Mutum zai ji daɗin jikinsa, fuska ta ciko, ya ɗauka lafiya ce, alhali garkuwarsa ake dannewa, suga da hawan jini suna tasowa, tarin fuka da ke kwance yana samun hanya. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya, ya je likita ya rage masa a hankali. Haka kuma sayen rabin maganin kashe ƙwayoyin cuta, na kwana biyu maimakon biyar, yana barin cutar da rai ya kuma koya mata jure maganin.

Ɗan abin da ke hannu, ga inda zan sa shi da ni ne. Hatsi shi kaɗai furotin ɗinsa bai cika ba, amma in aka haɗa gero ko dawa ko masara da wake, waken suya ko gyaɗa, ɗaya yana cike giɓin ɗaya. Ƙuli-ƙuli, awara, daddawa, ƙananan busassun kifi da ake dakawa har ƙashi, fara a lokacinta, nono, duk suna aiki. Zogale, rama, alayyahu, kabewa da manja suna kawo bitamin A. Kunun yaro kada ya zama ruwa zalla: a sa masa gyaɗa ko garin waken suya da cokalin mai, a ba shi sau huɗu ko biyar a rana, a kwanonsa shi kaɗai, domin in an haɗa shi da yayyensa ba ya samun rabonsa. In ƙwai ɗaya ne a gidan, nasa ne. A guji gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna ko da an karyar da farashinsu, gubar da ke ciki tana lalata hanta, kuma bincike a Gambiya da Ghana ya danganta ta da raunin garkuwa. In akwai jariri, nonon uwa zalla har wata shida, domin yana ɗauke da sinadaran kariya na uwar kanta, kuma a ci gaba da shayarwa har shekara biyu. Uwargida ta daina zama ta ƙarshe a cin abinci. Na san haka iyaye mata ke yi in abinci ya yi kaɗan, su ce sun ƙoshi, kuma kai ne za ka iya hana wannan.

Ka ɗauko katin rigakafin yaran ka duba. Wanda ya tsallake wata allura a kai shi, ba a cewa lokaci ya wuce. Ta ƙyanda sau biyu ce, a wata 9 da wata 15. Bitamin A ana ba yara daga wata 6 zuwa shekara 5 duk bayan wata shida, kyauta. Maganin rigakafin zazzaɓin da ake rabawa gida-gida da damina, a karɓa a kammala, a kwana cikin gidan sauro. Girki a yi shi a fili, yaro ba ya goye a bayan mai hura wuta.

Kai kuma, Malam, kada ka shige ɗaki. Na san kunyar da ke kama magidanci in ya rasa aiki, ya daina zuwa majalisa, ya daina zuwa ɗaurin aure don ba shi da abin bayarwa. Sheldon Cohen ɗin nan ya auna wannan ma a 1997: masu hulɗa da rukunin mutane ɗaya zuwa uku kacal sun fi masu hulɗa da rukuni shida ko fiye kamuwa da mura da wajen ninki huɗu, duk da an ɗiga wa kowannensu ƙwayar mura a hanci. Jam'i a masallaci, zumunci, zama da abokai, fita da safe ko da tafiya ce a ƙasa, duk suna cikin magani. Ka tsayar da lokacin kwanciya, ka ajiye waya da lissafin bashi kafin ka hau gado. In kana shan sigari, ga dalili biyu na bari, huhu da aljihu. In kuwa baƙin ciki ya kai ka daina jin daɗin komai, ko barci ya ƙaurace makonni, ko tunanin gara mutuwa ya fara zuwa, wannan ciwo ne mai magani, ka faɗa wa likita kai tsaye.

Abu na ƙarshe, kada a ɗora wa talauci komai har a bar wata cuta tana ci. Maruru masu dawowa da rauni mai jinkirin warkewa suna cikin alamun farko na ciwon suga, don haka a auna maka suga, a kuma yi gwajin ƙanjamau, wanda ake yi kyauta a asibitocin gwamnati da yawa. Uwargida a auna yawan jininta, a duba ko tana da ciki. Duk wanda tarinsa ya kai mako biyu a gidan, ko yana zufar dare yana ramewa, a kai shi gwajin tarin fuka, gwajin da maganin duk kyauta ne a cibiyoyin da aka ware. Yaron kuwa kada a jira: a kai shi a auna damtsensa da tef ɗin awo. In ya haura wata shida kuma awon bai kai santimita 12.5 ba, tamowa ta fara. In bai kai 11.5 ba, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, ta yi tsanani, za a sa shi a shirin abincin gyaɗa na musamman da ake ba masu tamowa. Kafin ku isa, a riƙa ba shi ruwan gishiri da suga bayan kowane zawo, da ƙwayar zink kullum har kwana 10 zuwa 14, kuma kada a dakatar da abinci ko nono. In numfashinsa yana sauri, ko ƙirjinsa yana lotsawa, ko ya kasa sha, ko akwai jini a zawon, ko ya yi laushi ba ya kula kowa, a tafi asibiti a wannan sa'ar ko da dare ne.